Shirin Rage Ƙiba Ta Intanet: Abin Da Gwajin Ingila Ya Nuna Game Da Kuɗi Da Amfani

Matsalar ƙiba ta daɗe da shiga cikin lissafin kasafin kuɗin gwamnatoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane fiye da biliyan 1 ne ke fama da ƙibar da ta wuce kima, a Birtaniya kuwa an ƙiyasta cewa hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, wato NHS, ta kashe fam biliyan 6.1 a shekarar kuɗi ta 2014 zuwa 2015 wajen jinyar cututtukan da ƙiba ke jawowa, irin su ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Likitoci sun san cewa zama da mai ƙiba ana ba shi shawara a kai a kai yana da amfani, sai dai aiki ne mai cin lokacin ma'aikata, lokacin ma'aikaci kuwa kuɗi ne. Wannan ne ya sa aka juya ga intanet, bisa tunanin cewa shirin da aka tsara sau ɗaya zai iya isa ga dubban mutane ba tare da an ƙara ɗaukar ma'aikaci ko ɗaya ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan shirye-shirye da aka fi bin diddiginsu shi ne POWeR, wanda masana a Jami'ar Southampton ta kudancin Ingila suka tsara, a cikinsu har da Farfesa Lucy Yardley, masaniyar halayyar ɗan Adam, da Farfesa Paul Little, wanda likita ne. An shirya shi a matsayin darussa 24 da mutum zai bi cikin kimanin wata 6. Mai amfani da shi yakan zaɓi ɗaya daga tsarin cin abinci biyu, ko dai rage yawan kuzarin da ke cikin abincin, ko kuma rage nau'in abinci mai sitaci da sukari. An kasa abinci kashi uku bisa launin fitilar kan hanya, kore da ruwan ɗorawa da ja, domin mutum ya gane abin da zai ci a sake da wanda zai ci da taka-tsantsan. Kowane mako zai hau ma'auni, ya shigar da nauyinsa, ya duba ko ya cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa, shirin kuma ya ba shi amsa daidai da halin da yake ciki.

Darasin farko ya fito ne tun daga wajen tsarawa. Masanan ba su rufe kansu a ofis sun kammala aiki sannan suka kai wa jama'a ba. Sun riƙa zaunar da mutane a gaban kwamfuta suna bin darussan, suna faɗin duk abin da ya zo musu a rai a fili, abin da ya ɗaure musu kai da abin da ya gundure su, sannan a koma a gyara, a sake gwadawa. Daga wannan ne aka gina shirin a kan ba mutum zaɓi da bayyana masa dalili maimakon kafa masa doka, kasancewar da yawa daga cikin masu ƙiba sun sha gwada tsauraran ƙa'idojin abinci suna watsarwa. A shekarar 2015 Farfesa Yardley da abokan aikinta suka wallafa bayanin wannan hanya ta sa mai amfani a gaba, wadda aka ci gaba da bi wajen tsara wasu shirye-shiryen lafiya.

Babbar barazana ga irin wannan shiri ita ce watsarwa. Tun a shekarar 2005 wani masani mai suna Gunther Eysenbach ya ja hankali ga yadda masu shiga shirye-shiryen lafiya ta intanet ke zarewa da yawa bayan ɗan lokaci, har ya kira abin doka. Kafin nan, a shekarar 2001, wani gwaji da Deborah Tate da Rena Wing suka gudanar a Amurka kan mutum 91 ya nuna inda maganin yake. Waɗanda aka ba su bayanai kawai sun rage kilo 1.6 cikin wata 6, waɗanda kuma suke aika rahoton mako suna samun amsa daga mai ba da shawara sun rage kilo 4.1. Ke nan ba a raba shirin da hannun ɗan Adam. Abin da ya rage a sani, wanda kuma shi ne ya shafi aljihun hukuma, shi ne yawan taimakon da ake buƙata.

A kan wannan batu ne aka gudanar da babban gwaji tsakanin watan Janairu na 2013 da watan Maris na 2014, lokacin da aka ɗauki mutum 818 daga ɗakunan shan magani 56 na tsakiya da kudancin Ingila. Sharaɗin shiga shi ne ma'aunin nauyi bisa tsayi, wanda ake kira BMI, ya kai 30, ko kuwa 28 ga mai hawan jini ko ciwon sukari ko yawan kitse a jini. Ana samun wannan adadi ne idan aka raba nauyin mutum da tsayinsa sau biyu a jere. Mai kilo 104 da tsayin mita 1.7, alal misali, nasa zai kama 36. An raba mutanen gida uku ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko, mutum 279, an ba su takardun shawara kan abinci tare da ganin ma'aikaciyar jinya bayan kowane wata 6. Na biyu, mutum 269, an ba su shirin tare da damar ganin ma'aikaciyar jinya ido da ido har sau 7. Na uku, mutum 270, sun sami shirin amma taimakon da aka ba su bai wuce saƙon imel ko gajeren kiran waya har sau 5 ba.

An wallafa sakamakon a shekarar 2016 a ɗaya daga mujallun Lancet. Bayan wata 12, kashi 21 cikin 100 na rukunin farko sun rage aƙalla kashi 5 cikin 100 na nauyinsu, wanda shi ne mizanin da likitoci ke ganin yana kawo sauƙi ga lafiya. A rukunin ido da ido adadin ya kai kashi 29, a rukunin waya da imel kuwa kashi 32. Idan aka koma ga kilo, masu ganin ma'aikaciya sun ɗara rukunin farko da kilo 1.5, masu waya da imel kuma da kilo 1.3.

Abu biyu ne suka cancanci a tsaya a kansu a nan. Na farko, rukunin da aka ba takardu kawai shi ma ya rage kusan kilo 3. Da a ce ba a kafa wannan rukuni domin kwatanci ba, da an jingina wa shirin ragin kilo 4 ko fiye, alhali abin da ya ƙara a zahiri bai kai kilo 2 ba. Duk mai sayen irin wannan haja, hukuma ce ko kamfanin inshora ko ma'aikatar da ke son lafiyar ma'aikatanta, ya kamata ya tambayi mai talla da wa aka gwada masu amfani da hajarsa, domin alƙaluman "kafin" da "bayan" kaɗai suna kumbura nasara. Na biyu, yawaita ganawa bai ƙara kome ba. Tazarar da ke tsakanin kashi 29 da kashi 32 ba ta isa a ce waya ta fi ido da ido ba, amma ta isa a ce ba ta gaza ba, ga ta kuma da araha. Ma'aikatan jinyar ma ba a ɗora musu aikin koyar da ilimin abinci ba; abin da aka nema daga gare su shi ne su yaba wa mutum, su tambaye shi yadda yake ciki, su kwantar masa da hankali, su ƙarfafa masa gwiwa.

Ta fuskar kuɗi, masanan sun lissafa cewa kowane ƙarin kilo da aka rage ta hanyar ido da ido ya ci wa hukuma fam 18, ta hanyar waya da imel kuwa sai aka ga rarar fam 25. Su da kansu sun nuna cewa waɗannan alƙaluma biyu na iya hawa ko sauka da nisa. Abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne, idan hukuma ta amince ta biya fam 100 kan kowane kilo, yiwuwar kwalliya ta biya kuɗin sabulu ta kai kashi 88 cikin 100 ga ido da ido, da kashi 98 ga ɗaya tsarin. Haka nan mutum 666 ne cikin 818 aka samu cikakken awonsu, kuma gwajin ya tsaya ne a wata 12, alhali an san nauyi yakan dawo bayan shekara.

A shekarar 2021 hukumar NHS ta ƙaddamar da nata shirin rage ƙiba ta intanet na mako 12 domin masu ƙiba da ke da ciwon sukari ko hawan jini, inda aka kasa taimakon mai ba da shawara mataki-mataki gwargwadon buƙatar mutum. A cikin shekarar ce kuma Amurka ta amince da allurar Wegovy, wadda a gwaji ta rage wa mutane kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68, abin da babu wani shirin intanet da ya kusanta. Kasuwa ta girgiza, har kamfanin WeightWatchers, wanda aka kafa a 1963, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Mayu na 2025 domin sauke nauyin dala biliyan 1.15. Sai dai farashin allurar na hukuma a Amurka ya haura dala 1,300 a wata a shekarar 2023, kuma bincike ya nuna cewa waɗanda suka daina karɓarta sun mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage cikin shekara guda.