Me Ya Haɗa Haƙori da Aikin Soja?

Duk lokacin da Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya ta buɗe ɗaukar kurata, samarin unguwannin da ke kewayen Ƙofar Dawanau a Kano sukan duƙufa motsa jiki da asuba. Barikin Bukavu, mazaunin Birged ta 3, ba shi da nisa da su, don haka kaki ba baƙon abu ba ne a idonsu. Mafi yawansu sun san sharaɗin shekaru 18 zuwa 22, da tsawon mita 1.68 ga namiji. Abin da sukan manta shi ne, a ranar tantance lafiya likita zai ce a buɗe baki.

Wannan dubawa tana da tarihi. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, soja da haƙoran gaba yake yage takardar albarushi kafin ya ɗura bindiga, saboda haka mai giɓi a gaba ba ya shiga sahu. A yaƙin da Ingila ta gwabza da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, ciwon haƙori ya hana sojoji da dama tauna busasshen abincin daji, har aka mayar da wasu gida. Daga baya, a 1921, rundunar Ingila ta kafa sashenta na likitocin haƙori.

Bindigogin yau ba sa buƙatar cizo, amma dalilin yana nan. Kogon haƙori yakan soma ne idan ƙwayoyin cuta suka ci ragowar sukari a baki suka fitar da sinadari mai tsami, wanda ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali. Idan ramin ya kai ga jijiya, sai zogi da kumburi da ruwan mugunya, wani lokaci har da zazzaɓi. Mai wannan hali ba ya barci, ba ya cin abinci, balle ya tsaya gadi da hankalinsa. A cikin gari asibiti na kusa, amma a dajin Sambisa ko bakin Tafkin Chadi, fitar da soja ɗaya zuwa asibiti na nufin mota da masu rakiya. Shi ya sa rundunar Amurka ta kasa sojojinta aji huɗu ta fuskar haƙori, kuma wanda ake ganin ciwo zai taso masa cikin wata 12 ba a tura shi bakin daga sai an gyara.

Kuskuren da ake yawan yi a nan gida shi ne jira sai ciwo ya yi tsanani, sannan a nufi masu cire haƙori na bakin kasuwa. Ƙaramin kogo ciko kawai yake buƙata. Haƙorin da aka cire kuwa ba ya sake tsirowa, ga haɗarin kamuwa da ciwon hanta daga kayan aikin da ba a tsaftace ba.

Saurayin da ke burin zuwa makarantar horon kurata ta Zariya, ko makarantar hafsoshi ta Kaduna, ya je sashen haƙori na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano watanni kafin tantancewa. Ya rage alawa da lemon kwalba, ya riƙe aswaki, ya goge baki da buroshi da man haƙori safe da dare. Gyaran baki ba ya yiwuwa a daren tafiya.