Taɓin Hankali Mai Daɗewa: Kada A Bar Shan Magani

Jama'a, akwai wani irin taɓin hankali wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Yakan kama wajen mutum 1 cikin 300, galibi tsakanin shekara 16 da 30. Mai shi yakan ji ana yi masa magana alhali ba kowa. Yakan zargi 'yan'uwansa da sa masa guba a tuwo. Yakan ƙi wanka, ya kasa barci, ya guji mutane.

In Likita Ya Ce Shi Ne

Ku karɓi maganar likita. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba kuwa laifin iyaye ba. Kada kunya ta sa ku kulle shi a ɗaki, ko ku sa masa mari, ko ku buge shi. Tun 1952 aka sami maganin da ke kwantar da ciwon. Akwai asibitocinsa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

Sauƙi Ba Warkewa Ba Ne

Nan ne akan yi ɓarna. Bayan 'yan makonni muryoyin sukan ragu, mutum ya koma gona, sai a ce ya warke, a ajiye ƙwaya. To, ku sani maganin nan kamar shingen gona ne. In ka cire shinge don yau ba ka ga akuya ba, gobe za ka tarar da ita cikin dawa. Yawancin waɗanda suka bari, ciwon yakan komo musu.

Abin Da Za Ku Yi

1. A sa mutum guda ya riƙa ba shi magani kullum, a lokaci ɗaya.
2. A koma asibiti tun ƙwaya ba ta ƙare ba.
3. In yana mantuwa, a tambayi likita allurar da akan yi bayan mako 2 ko 4.
4. In jiki ya sandare, ko hannu na rawa, ko barci ya yi yawa, a gaya wa likita, zai gyara. In wuya ya karkace, a kai shi nan da nan.
5. Mai ciki da mai azumi su nemi shawarar likita, kada su bari da kansu.
6. Ya nisanci wiwi da giya.

Ku ci abinci tare da shi, ku ba shi aiki daidai ƙarfinsa. Addu'a ba ta hana shan magani. Likita kaɗai ke cewa a rage ko a bari.