Kundayen Coci a Matsayin Hujjar Nasaba: Nazarin Asalin Samuel Lincoln

1.0 Gabatarwa

Dubban Turawan Ingila sun ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17, kuma har yau jikokinsu na neman sanin su wane ne iyayen waɗannan baƙin a can gida. Babbar madogarar masu wannan bincike ita ce kundayen coci-cocin Ingila. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda kundayen suke, sannan ta ɗauki Samuel Lincoln, kakan kakannin Shugaba Abraham Lincoln, domin nuna cewa dacewar suna kaɗai ba ta isa hujjar nasaba ba.

2.0 Tarihin Kundayen

A shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, Thomas Cromwell ya umarci kowane coci da ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A 1598 aka ƙara da cewa a kwafe tsofaffin bayanan a kan takardar fata, a kuma riƙa aika kwafi ga bishop duk shekara. Sai a 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da kanta.

Abubuwa uku ne suka fi rikita mai bincike. Na farko, ranar baftisma ake rubutawa, ba ranar haihuwa ba. Na biyu, kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka abin da aka rubuta Fabrairun 1621 a lissafin yau Fabrairun 1622 ne. Na uku, magatakarda kan rubuta suna yadda kunnensu ya ji, sau da yawa kuma ba a ambaton mahaifiya.

3.0 Misalin Samuel Lincoln

Takardar izinin fita ta watan Afrilun 1637 ta nuna Samuel yana tare da ubangidansa Francis Lawes, wani masaƙi na birnin Norwich, aka kuma ce shekarunsa 18. Shi kuwa kundin cocin St Andrew da ke Hingham a yankin Norfolk, ya nuna an yi wa wani Samuel ɗan Edward Lincoln baftisma ranar 24 ga Agusta, 1622. Idan jariri ne a lokacin, shekarunsa ba su kai 15 ba sa'ad da aka ba da izinin. Ke nan akwai giɓin kimanin shekara uku. Wasu manazarta na ganin ƙara masa shekaru aka yi domin a bar shi ya tafi, amma giɓin ya isa ya hana yanke hukunci da kundin coci kaɗai. Bugu da ƙari, sunan Lincoln ya yawaita, domin a sabon garin Hingham na Massachusetts kaɗai an sami mutum huɗu masu suna Thomas Lincoln, waɗanda ake bambantawa da sana'o'insu.

Abin da ya ƙarfafa dangantakar shi ne bayanan da suka fito daga wasu kafofi dabam. Daniel Cushing, magatakardan sabon Hingham, ya rubuta cewa Samuel ya zo ne daga tsohon Hingham a 1637, ya ɗan zauna a Salem. Wasiyyar Thomas Lincoln masaƙi ta tabbatar da cewa shi da Samuel 'yan'uwa ne. Daga baya, Lea da Hutchinson, a littafinsu na 1909, suka fito da takardun wata shari'ar gado a kotun Chancery, waɗanda suka nuna Edward ɗa ne ga Richard Lincoln na Swanton Morley, wanda ya tsame shi daga wasiyyarsa ya fifita matarsa ta ƙarshe da 'ya'yanta. Wannan ya ƙara tsawon salsalar, ya kuma haska halin da gidan Edward yake ciki kafin 'ya'yansa su ƙaura.

4.0 Kammalawa

Kundin coci yana ba da suna da rana da mahaifi, amma ba ya cewa yaron da aka rubuta shi ne wanda ya tsallaka teku. Ana tabbatar da hakan ne idan wasiyya da takardun kotu da na jirgi da bayanan garin da baƙon ya sauka suka yi daidai, ba tare da ɗaya ya kwafa daga ɗaya ba. Inda kuwa suka saɓa, kamar a shekarun Samuel, wajibi ne manazarci ya bayyana saɓanin a fili, ya kuma faɗi ƙarfin hujjar da ya dogara da ita.