Ragon Nunawa Ba A Yin Sa A Mako Guda

Da zarar Babbar Sallah ta matso, ko aka ji sanarwar baje kolin amfanin gona, sai ka ga masu kiwo a Roni da Gwiwa da Kazaure sun duƙufa ɗura wa dabba dusa. Nan ake tafka asara. Ragon da ya saba da ciyawa, aka cika masa kwano da tsaba rana ɗaya, tumbinsa zai yi tsami, ya kumbura, ya ɓarke da zawo, wani ma ba ya kai safe. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 3, kuma kada harawa ta yanke.

Dusa zalla tana da illar da ba kowa ya sani ba: tana tara tsakuwa a mafitsarar rago. In ka gan shi yana nishi, fitsari sai ɗigo, nemi malamin dabbobi a ranar. Ruwa mai tsabta da gishirin lasa suna rage wannan. Ita kuwa allurar nan ta dexamethasone da wasu ke yi wai don ƙiba, garkuwar jikin dabba take karyawa, ga sauran magani a naman da jama'a za su ci.

Horo tun daga yaye ake fara shi. A saba wa ragon da igiya, ɗaurin da ba ya zargewa, a ja shi zagaye kaɗan kullum da yamma. A shafa bayansa, a ɗaga ƙafarsa, a buɗe bakinsa, domin abin da alƙalin gasa zai yi ke nan, haka ma dillali ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Balami ne ko Uda, in yana fizge-fizge, girmansa ba ya fitowa. A hana yara tura masa goshi. Tunkuri suke koya masa, kuma ba ya bari.

Cutar PPR, mai haɗa majina da zawo, a taron dabbobi take yaɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin rigakafinta. A yi wa ɗan rago ko ɗan akuya tun yana wata 4, aƙalla mako 3 kafin tafiya baje koli ko kasuwa. Wanda ya dawo daga filin baje koli ko kasuwa, a kafa masa turkensa daban, da kwanon ruwansa daban, har mako 3 kafin ya koma cikin 'yan'uwansa.