Tsohon Suna, Sabon Maƙeri: Jan Kunne ga 'Yan Kasuwa da Dillalai

Jama'ar kasuwannin Boɗinga da Shagari. Bayan farashin hatsi, ga wata mas'ala da ta shafi mai sayar da keke, da keken ɗinki, da atamfa, da dillalin da ke tsakani. Ku sani, yau sunan kamfani shi kansa haja ne. Ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da gona. Masana'anta takan mutu, maƙeranta su watse, amma sunan ya koma hannun wani, ya ci gaba da buga shi bisa kayan da anka ƙera wata ƙasa daban.

Mu fara da keken Raleigh, wanda iyayenmu ke kira Rali. Asalinsa garin Nottingham na Ingila, kuma an taɓa haɗa shi a Kano. A 2002 anka daina ƙera shi a Nottingham, aikin ya koma ƙasashen Asiya. A 2012 kamfanin Accell na ƙasar Holan ya sayi kamfanin. Tambarin bai sake ba, amma hannun da ya yi na da ba shi ke yin na yanzu ba.

Haka keken ɗinki Singer. An kafa kamfanin a Amurka a 1851, babbar masana'antarsa ta Clydebank da ke Birtaniya kuwa an rufe ta a 1980. Tun 2006 sunan yana ƙarƙashin kamfanin SVP, tare da Pfaff da Husqvarna Viking, ana ƙera da yawa daga cikin kekunan a Sin. Atamfar ABC ma, wadda mata ke kira Ingilish, iyalin Cha na Hong Kong, masu masaƙar UNTL ta Kaduna, sun saye ta a 1992, daga baya anka mai da bugunta Akosombo ta Ghana.

Ko ga Turawa abin bai bar su ba. Akwai wani babban akwatin kiɗa nasu, fiyano, wanda tsadarsa duk ga suna take. Baldwin na Amurka, kamfanin Gibson ya saye shi a 2001, a 2008 anka tsai da ƙera shi can, aikin ya koma Sin. Ritmüller sunan Jamus ne, amma Pearl River na Guangzhou ke yin sa. Sai dai ba duka anka taru anka zama ɗaya ba: Yamaha na Japan ya sayi Bösendorfer a 2008, ya bar maƙeran suna aikinsu a Ostiriya.

To, a rarrabe abu biyu. Wanga kaya ba jabu ba ne. Jabu shi ne wanda anka saci suna. Wannan kuwa an sayi sunan da kuɗi, doka ta yarda. Wani sabon ma yana da kyau, wani kuwa bai kai rabin na da ba. Abin da ya faɗi kawai shi ne shaidar da suna ke bayarwa.

Mu 'yan hatsi mun san wannan tun tuni. Buhun sukari da na taki duk muna zuba gero ciki, ba wanda ke ciniki da rubutun buhu. Sai an kwance baki, an ɗebo na ƙasa, an duba ƙwaya. Haka za ku yi: a karanta ƙasar da anka ƙera, a ɗaga a ji nauyi, a duba ko haƙoran ciki ƙarfe ne ko roba, a tambayi mai gyara ko ana samun kayan gyaransa a Sakkwato.

Ku dillalai, nauyin ya fi kanku. Tela ya sayar da amfanin daminarsa, ko uba yana haɗa wa ɗiyarsa kayan ɗaki, ya ce yana son irin na da. In kun san sabon ƙira ne, kunka yi shiru, kunka karɓi kuɗin tsohon, wannan ya shiga ɓoye aibi, wanda babin ciniki na littafin Risala ya hana tare da algus. Ku faɗi gaskiya, ku sa wa kowane kuɗinsa. La'adar rana ɗaya ba ta kai amanar shekara talatin ba.

Allah ya sa albarka ga nema.