Makwaikwayin na'ura: yadda ake gwada umarnin ciki na kayan lantarki

1. Gabatarwa

Damagaram da Maraɗi suna samun wuta ta layi mai kilobolt 132 da ke fitowa daga Katsina. A watan Agusta 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ta ba sai a Maris 2024. Wannan ya ƙara tura jama'a ga pano mai amfani da hasken rana, da batir, da regilater mai tsara cajin batir. A cikin regilater akwai ɗan ƙwaƙwalwa mai ɗauke da umarnin da maƙera suka rubuta masa, wanda za mu kira umarnin ciki. Idan akwai kuskure cikinsa, firijin rigakafi na iya tsayawa a likitar ƙauye. Manufarmu ita ce mu nuna yadda ake gano kuskuren tun na'ura ba ta bar ɗakin aiki ba.

2. Ma'anar makwaikwayi

Makwaikwayi, wanda Faransanci ke kira émulateur, shiri ne na kwamfuta da ke yin kamar shi ne na'urar. Ana zuba masa umarnin ciki, sai umarnin ya yi aiki bai san ba cikin ƙarfe yake ba. Ba dole a faro daga tushe ba: QEMU, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar a 2003, yana kwaikwayon ƙwaƙwalwa iri-iri, kuma kyauta ne. Aikinmu shi ne ƙara abubuwa uku.

3. Abubuwan da ake ƙarawa

Na farko, ma'aunai. Batir mai darma na bolt 12 akan tsayar da cajinsa wajen bolt 14,4 idan zafi yana digiri 25. Amma a Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan wuce digiri 40, kuma dole iyakar ta sauka da kamar rabin bolt, in ba haka ba ruwan batir ya ƙone. A makwaikwayi muna rubuta 45 a gurbin ma'aunin zafi, mu ga ko umarnin ya rage cajin.

Na biyu, sadarwa. Yawancin waɗannan na'urori suna magana da Modbus, ƙa'idar da kamfanin Modicon ya fitar a 1979: ɗaya tana tambaya, saura suna amsawa, kowace da lambarta daga 1 zuwa 247. Makwaikwayin da ke amsa daidai kullum ba shi da amfani sosai. Ya kamata a koya masa ya makara, ya yi shiru, ko ya katse saƙo a tsakiya, kamar yadda ke faruwa idan waya ta saki.

Na uku, agogo. Kwantar wuta ta biya-kafin-sha mai bin ƙa'idar STS tana karɓar lamba mai alƙaluma 20, wadda ke ɗauke da ƙidayar mintoci da a da ake farawa tun daga 1 ga Janairu 1993. Gurbin ƙidayar ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, har sai da aka sabunta miliyoyin kwantar a Nijeriya da Afirka ta Kudu. Makwaikwayi yana iya tura agogo gaba da shekara 30 nan take, a ga abin da zai faru.

4. Kammalawa

Makwaikwayi bai san ƙurar hunturu ba, bai san tsatsa ko ɓera mai cin waya ba, kuma ba ya gwada abin da mai gina shi bai tuna ba. Saboda haka muna ba da shawara ɗalibai su fara da zagaya masu gyaran pano na cikin gari, su rubuta lalacewar da aka fi kawo musu, sannan su mai da kowace ta zama gwaji. Gwajin fili yana nan, amma sai bayan na'ura ta tsallake wannan.