Shin Ko Kun San? Direba, Abokansa da Halin da Ya Baro a Gida

Shin ko kun san titin da ya ratsa Tambuwal, wanda ake bi daga Sakkwato zuwa Jega, yanki ne na babbar hanyar A1 da ta taso tun daga Legas har Illela, bakin iyakar Nijar? Shi ya sa tirela da tankar mai da motar albasa ke gogayya da ɗan kabu-kabun da ya ɗauko fasinja daga ƙauyukan Kebbe. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 kuma a kan irin wannan titi.

Shin ko kun san haɗarin hanya ya fi kowace cuta kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi jin jiki.

Shin ko kun san saurayi yakan tuƙa mota da natsuwa in yana shi kaɗai, amma da abokai sun zuba masa ido sai ya sake hali? A 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka sun sa mutane 306 wasan tuƙi a kwamfuta. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka ganganci da aka zaunar da sa'o'insu biyu suna kallo. Manya kuwa, da 'yan kallo da babu, kusan duk ɗaya. Dalili shi ne sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wanda ya taɓa ganin ayarin kai amarya, samari na ɗaga ƙafar babur ta gaba, 'yan mata na guɗa, ya riga ya ga wannan bincike da idonsa.

Shin ko kun san tsoratar da direba da mutuwa na iya ƙara masa gudu? Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. A 1999, Orit Taubman-Ben-Ari ta Jami'ar Bar-Ilan a Isra'ila, tare da Victor Florian da Mario Mikulincer, sun gwada samarin sojoji 'yan shekara 18 zuwa 21. Aka sa wasu su yi tunanin ranar mutuwarsu, sannan aka ɗora su kan na'urar koyon tuƙi. Waɗanda tuƙi ne abin tinƙahonsu sai suka ƙara taka totur, kamar mai son nuna wa ajali cewa shi ma namiji ne. Da aka yaba musu tuƙinsu tun farko, sai wannan ƙarin ganganci ya gushe. To, a tashoshinmu, inda ake yi wa direba kirari da yawan sawun da ya yi a yini, hoton mota da ta yi kaca-kaca ba lalle ya yi aikin da ake zato ba. A ganina, shugabannin ƙungiyar direbobi za su fi cin nasara in suka riƙa karrama wanda ya shekara bai ko goga wa wani fenti ba.

Shin ko kun san mutuwar aure na bin mutum har kan sitiyari? Wani bincike da Emmanuel Lagarde da abokan aikinsa suka fitar a 2004, kan ma'aikatan kamfanin lantarki da iskar gas na Faransa, ya gano cewa a lokacin rabuwa da miji ko mata, yiwuwar yin mummunan haɗari na ninkawa fiye da sau biyu. Wanda ya fito daga kotun alƙali ransa a dagule, gara ya ba wani makulli.

Shin ko kun san masana na auna yadda wahala ke ƙara wa mutum hankali? Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun ne suka fito da ma'aunin a 1996, da fannoni biyar: sanin darajar rayuwa, kyautata zumunci, ƙarfin zuciya, hango sababbin hanyoyi, da ƙaruwar imani. Ita Taubman-Ben-Ari ta ɗauki ma'aunin ta gwada a kan waɗanda suka sami haihuwar fari, da waɗanda suka ga jikan farko. Sai dai masu ma'aunin sun ce ba abin da ya faru ne ke gina mutum ba, kokawar da ya yi da shi ce. Ke nan maganar iyaye ta "a yi masa aure zai natsu" tana da ƙamshin gaskiya, amma goron ɗaurin aure kaɗai ba ya rage gudun babur.

Shin ko kun san ana gadon salon tuƙi? Binciken da Taubman-Ben-Ari ta yi da abokan aikinta a 2005 ya nuna tuƙin 'ya'ya na kama da na iyayensu, mai haƙuri da mai zafin rai. A nan, inda yaron mota ke shekaru a gefen maigidansa kafin a ba shi sitiyari, ku lura da wanda kuke damƙa wa ɗanku.

Shin ko kun san wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, aikin hannunsa da idonsa na dagulewa kamar na wanda ya ɗan sha giya? Masana a Ostareliya ne suka auna haka a 1997.

Shin ko kun san a 1981 Ola Svenson ya tambayi direbobi yadda suke ganin gwanintarsu, kashi 93 cikin 100 na Amurkawa da kashi 69 na 'yan Suwidin suka sa kansu a rabin da ya fi iya tuƙi? Ku yi wannan tambaya a tashar Tambuwal ranar kasuwa, ku ƙirga da kanku.